Kalmar "apaiser": rarrashi ne ko toshiyar baki?

Wata ɗaliba daga Maraɗi, wadda ta yi karatunta da Faransanci, yanzu kuma take koyon Ingilishi, ta aiko da tambaya: "Malam, an ba mu 'la mère apaise son bébé' (uwa tana rarrashin jaririnta) mu juya zuwa Ingilishi. Na sa 'appease', malaminmu ya ja mini jan biro. Ba kalma ɗaya ba ce?"

'Yata, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, sai dai kowace da gidan da ta tashi. Tushen "apaiser" shi ne "paix", wato zaman lafiya, daga "pax" ta Latin. Turawan Ingila sun aro ta daga tsohon Faransanci tun wajen ƙarni na 14, ta koma "appease" a bakinsu.

Abin da ya ɓata wa "appease" suna ya faru ne a birnin Munich na Jamus, a watan Satumba na 1938. Firaministan Birtaniya Neville Chamberlain da takwaransa na Faransa Daladier suka amince Hitler ya karɓe yankin Sudeten na ƙasar Czechoslovakia, wai ko ya huce. Bayan wata shida ya mamaye Prague, babban birnin ƙasar, a Satumban 1939 kuma Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke. Tun daga nan, in Bature ya ji "appease", abin da ya fi zuwa masa shi ne lallaɓa mugu da ba shi abin da yake so don tsoro. Da Hausa wannan ya fi kusa da toshiyar baki. Kin ga kenan kin mai da jariri azzalumi, uwar kuma mai biyan fansa!

Uwa da ta goya ɗanta tana jijjiga shi, tana ɗan bubbuga bayansa har kukan ya koma ajiyar zuciya, rarrashi take yi. Ingilishinsa "soothe". Shi malaminku yake nema.

Bafaranshe yana aikin mutum goma da "apaiser" ita kaɗai, mu da Turawan Ingila kuwa mun rarraba aikin. In ƙishirwa ce, mu kashe ta muke yi, su kuma "quench". In fargaba ce, muna kwantar wa mutum da hankali, su ce "allay" ko "calm". Ciwo kuwa "ease" ko "relieve". Da ta zama "s'apaiser", ba wanda ya yi aikin, abin ne ya kwanta da kansa: iska ta lafa, ƙura ta lafa, fushi ya huce. A nan sai "subside" ko "die down". Ni dai ban ga kalmar da ta kai "lafa" dacewa da wannan ba, don tana nuna abin ya sauka ne, bai tafi gaba ɗaya ba. Mai ciwon haƙori ya san bambancin "ya lafa" da "ya warke".

Ki kuma kula da wadda kike ji a rediyo duk lokacin siyasa, "élections apaisées". Kada ki kuskura ki ce "appeased elections", ba mai gane ki. "Peaceful elections" ake cewa, wato zaɓen da aka yi lami lafiya.