Sava ta hannu mai shiga rak: wacce zan saya, wane Linux zan ɗora mata?

Tambaya: Assalamu alaikum malam, barka da ƙoƙari. Ni ke kula da ɗakin kwamfuta na wata makaranta mai zaman kanta a nan Zariya, muna da kwamfuta 40, so muke mu riƙa yin jarabawar gwaji ta CBT da ajiye sakamakon ɗalibai a cikin gida ba sai da data ba. Wani dila ya turo min hoton sava biyu, wato babbar kwamfutar da sauran za su jonu da ita, Dell R710 da R730 duk na hannu, ta farkon ta fi arha nesa ba kusa ba. Wacce zan ɗauka, kuma wane Linux ya dace tunda ba mu da kuɗin lasisin Windows?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya taimaka. Kai tsaye zan faɗa maka, R730 ɗin za ka ɗauka ko da sai kun ƙara haƙuri kun tara cikon kuɗin. R710 tun 2009 ta fito, RAM ɗinta DDR3 ne, ga cin wuta, ita kuma R730 ta 2014 ce, tana ɗaukar furosesa Xeon E5-2600 v3 ko v4 guda biyu da RAM na DDR4 har rami 24, in ka samu HP ProLiant DL380 Gen9 ma sa'arta ce, duk wacce ta zo da kaya cikakku a farashi mai kyau ɗauki. Arhar R710 ɗin nan wallahi a mitar wuta za ku biya ta. Yi lissafi da kanka, injin da ke jan wat 150 dare da rana, a wata guda yunit 108 ya sha kenan, in kuna layin Band A da ake sayar da yunit sama da naira 200 kun haura naira dubu 21 a wata a kanta ita kaɗai, ba a ma zo maganar man janareta ko batirin sola ba. Duk wat 50 da ka rage kuɗi ne da zai dawo aljihun makaranta kowane wata.

To amma inda mutanenmu suka fi ƙonewa ba wajen zaɓen lamba bane, wajen abin da babu ne a cikin kwalin. Sai dila ya ce maka ga sava a kaza, ka biya, ta iso daga Legas ka buɗe ka tarar gabanta ramuka ne fayau babu ko tire ɗaya, wato ɗan ƙarfen nan da ake ɗaure disk a jiki kafin a zura shi, kuma in babu shi disk ba zai zauna daidai ba. Dan haka tun kafin ka tura ko sisi ka tambaya tire nawa ne a ciki, na inci 2.5 ne ko 3.5, abin wutar guda biyu ne ko sun zare ɗaya, akwai layin dogon da ake zura ta a rak, wato kabad ɗin ƙarfen da ake jera sava a ciki, wane katin RAID ne a ciki, wato katin da ke haɗa disk da yawa su yi aiki tare. Sannan RAM ɗin sava nau'in ECC ne mai rijista, na kwamfutar tebur ba zai yi ba, gara ka saye ta da 64GB ɗinta a jiki da ka zo kana yawon nema daga baya. Ka ce ya kunna ta ya ɗauko maka bidiyo har ta nuna RAM da furosesa, ya kuma turo maka lambar Service Tag, haruffa da lambobi guda bakwai ne a ɗan katin da ake jawowa a gaba, ka saka a shafin Dell zai nuna maka da me da me ta fito daga kamfani.

Sai maganar rak ɗin shi kansa, dan Allah ka auna kafin ka saya. Faɗin duk ɗaya ne inci 19, tsayi kuma da U ake ƙirgawa, 1U inci 1.75 ne, R730 tana cin 2U. Zurfin ne matsalar. Ƙaramin kabad ɗin nan da ake kafewa a bango dan suwic da rauta zurfinsa santimita 45 ne ko 60, ita kuwa wannan ta kai kusan 70 kafin ma wayoyin baya, ga nauyi in ta cika da disk ta doshi kilo 30. Na taɓa zuwa wani ofis na tarar an sayi sabon kabad na bango an sayi sava, ƙofa ta ƙi rufuwa, ƙarshe a kan benci aka ajiye ta gab da taga, bayan hunturu ɗaya da muka ɗaga murfin ƙura ta yi kamar auduga a bakin fankokin, abin ya ba ni tausayi sosai dan kuɗin mutane ne. Dell sun ce iskar da ke shiga gabanta kar ta wuce digiri 35, kai kuma ka san yadda Zariya take a watan Afrilu, dan haka ɗaki mai rufi da iska ko ƙaramin AC dole ne, kuma a riƙa hure ƙurar da bulowa. Wuta kuma ta bi ta inbata ko UPS mai pure sine wave, ɗauke wuta farat ɗaya ana tsakiyar rubutu shi ke lalata bayanai.

Yanzu Linux. Da ni ne Proxmox VE zan fara ɗorawa a ƙasa, kyauta ne, a kan Debian aka gina shi, amfaninsa shine ka raba inji ɗaya ya zama kamar kwamfuta uku ko huɗu, ɗaya ta CBT, ɗaya ta ajiyar fayil, ɗaya ta gwaje-gwajenka, in ɗaya ta rikice sauran na nan lafiya. A cikinsa sai ka saka Ubuntu Server 24.04 LTS, wanda ke da gyaran tsaro na shekara biyar har 2029, ko Debian in ka fi sabawa da shi. In kana ganin wannan ya yi maka yawa a farko ɗora Ubuntu Server ɗin kai tsaye, ya wadatar wa kwamfuta 40. CentOS kuma kar ka bi tsofaffin bidiyon YouTube ka ɗora shi, na 7 ɗin an daina yi masa gyara tun 30 ga Yunin 2024, masu son wannan layin sun koma Rocky Linux da AlmaLinux.

Ɗorawar ba wuya. Sauke ISO, wato fayil ɗin ɗorawa, daga shafinsu na asali, zuba a filash da manhajar Rufus ko Ventoy, in Rufus ne kuma Proxmox za ka zuba zaɓi DD in ya tambaye ka. Jona monita ta VGA da kibod, kunna, kar hankalinka ya tashi in ta yi minti uku ko huɗu tana ƙugi ba ta nuna komai ba, RAM take dubawa. F2 na saiti ne, ka mayar da ita UEFI, F11 kuma na zaɓen filash. Nan ne da yawa ke maƙalewa, su ce Linux bai ga disk ba, alhali katin RAID ne ya riƙe su, sai ka shiga saitinsa ka haɗa SSD biyu su zama RAID 1, wato duk abin da aka rubuta a ɗaya ya shiga ɗayan, ko in ZFS na Proxmox kake so, wato Proxmox ya haɗa disk ɗin da kansa, ka mayar da katin RAID ɗin, in H730 ne, zuwa HBA dan ya miƙa disk ɗin kai tsaye. Bayan an gama ba ta IP tsayayye, Proxmox ana shigarsa ta burauza da adireshin nan a ƙara :8006 a ƙarshe. Disk ɗin da suka zo da ita ka duba su da manhajar smartctl ka ga awa nawa suka yi suna aiki, ni dai sakamakon yara ba zan ɗora shi a kan tsohon disk ba, sabon SSD nake saya. Kuma RAID 1 ba bakof bane, in aka goge fayil a duka biyun ya gogu, ka samu disk na waje kana kwafa duk mako kana ajiyewa a wani ɗakin daban. Kar ka manta da iDRAC, ramin netwok ɗin nan na baya da ake sarrafa injin daga nesa, a R730 sunan shiga root ne kalmar sirri calvin, kowa ya san wannan, ɗalibi mai wayo zai iya kashe muku ita ana tsakiyar jarabawa, canza ta ranar farko.

Tambaya: Malam tawa R630 ce, ƙararta ta hana mu zama a ofis, ko ta lalace ne? Daga wata 'yar uwa a Kaduna.

Amsa: Hajiya ba lallai ta lalace ba, R630 siririya ce 1U, fankokinta ƙanana ne dole su yi gudu sosai kafin su tura iska, shi yasa nake ce wa mutane su ɗauki 2U in kusa da mutane za ta zauna. Amma in ƙarar ba ta sauka ba minti biyar bayan kunnawa a duba ko murfin ya rufu da kyau, ko fanka ɗaya ta mutu sauran suna cike gurbinta, ko an saka mata katin da ba na Dell ba, wannan ma yana sa ta ɗaga fanka. A shiga iDRAC zai nuna zafin da gudun kowace fanka.

Tambaya: Ni ɗalibi ne a Maraɗi, koyon Linux kawai nake so a gida, in tara in sayi ta rak?

Amsa: A'a ƙanena, riƙe kuɗinka. Nemi ƙaramar kwamfuta ta hannu irin Dell OptiPlex Micro ko Lenovo ThinkCentre Tiny, ka ƙara mata RAM ya kai 16GB, Proxmox da Ubuntu ɗin da na lissafa a sama duk za su hau, ba ta ƙara, kuma ƙaramin batirin sola ma zai riƙe ta har dare.