Shin da gaske "dowry" shi ne sadaki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Dan Allah a warware min, na rubuta "dowry" a matsayin sadaki a wani aikin makaranta sai malaminmu ya ja min jan biro a kai, alhali ni tun tasowata haka nake ji ana faɗa. Kuma mene ne "paraphernalia"? Na gan ta a littafi ko karanta ta ban iya ba.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Gaskiya malaminku yana da gaskiya, kuma ba ke kaɗai ba ce, ko a jaridunmu na Turanci zaki ga ana wannan kuskuren kullum, abin yana damuna sosai. Abin da zaki riƙa tambayar kanki kawai shi ne, daga wane gida dukiyar ta fito, ina kuma ta nufa? Sadaki dai miji ne ke bayarwa kuma haƙƙin amarya ne ita kaɗai, shi kuwa "dowry" dukiya ce da amarya ke zuwa da ita gidan miji daga gidan iyayenta, kinga ashe hanyar ma ba ɗaya ba ce. In ana neman abin da ya fi kusa da shi a wajenmu to kayan ɗaki ne da gara, gadon nan da kujeru da jeren kwanuka da buhunan shinkafa da ake lodawa a mota a kai gidan amarya.

A Turai da Indiya abin ya wuce kwanuka nesa ba kusa ba. Lokacin da gimbiyar Fotugal, Catherine ta Braganza, ta auri Sarki Charles na biyu na Ingila a 1662, cikin "dowry" ɗinta har da garin Bombay wanda yanzu ake kira Mumbai, da Tanja ta Maroko, gari sukutum fa! A Indiya kuwa dangin ango sun riƙa matsa wa iyayen amarya lamba har ana cutar da 'yan mata a kai, shi ya sa aka yi dokar haramta shi a 1961. To ki duba in kika ce wa Ba'indiye an biya "dowry" ɗinki, abin da zai fahimta daban ne gaba ɗaya.

In sadaki kike nufi ki rubuta "mahr" kai tsaye, yana cikin manyan ƙamusoshin Turanci, ko ki ce "bridal gift". Wasu na cewa "bride price" amma ni ban cika son ta ba, don ita ana nufin abin da ake ba iyayen yarinya ne, ga kuma ƙamshin ciniki a jikinta. Akwai "dower" da masu fassarar littattafan addini ke sawa, ta halatta, sai dai asalinta a dokar Ingila rabon da mace ke samu ne a filayen mijinta bayan ya rasu.

Kalmarki ta biyu kuma abin mamaki tana da alaƙa da ta farkon ta wajen ma'ana. Daga Girkanci ta samo asali, ma'anarta abin da ke gefen "dowry", wato kayan mace na ƙashin kanta, irin su sutura da sarƙa da 'yan kunne. Yau ma'anar ta sake, ta koma tarkacen kayan aiki ko komatsai, kamar almakashi da tef da zare da alli da zaki gani zube a kan teburin tela. Wajen furtawa ki raba ta gaɓa-gaɓa, pa-ra-fa-ne-li-ya, sau uku kika maimaita zata zauna miki a baki.