Tambayoyin Masu Karatu: Korar Ɗan Sanda da Hurumin Kotu

Tambaya: Malam, an sallami ƙanena daga aikin ɗan sanda, ya kai ƙara Babbar Kotun Jihar Kano, aka kori ƙarar saboda rashin hurumi. Yanzu ana ce masa ba shi da damar sake shigar da ita ko'ina. Haka ne?
Wani mai karatu, Ƙofar Nassarawa, Kano.

Amsa: Malam, ba haka ba ne. Tun gyaran da aka yi wa Tsarin Mulkin 1999 a shekarar 2010, sashe na 254C ya keɓe wa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa sauraren rigingimun aiki, kuma tana da reshe a nan Kano, don haka can ya kamata a nufa tun farko.

Ƙa'idar da ake yi masa barazana da ita tana hana a maimaita shari'a ne idan kotu mai hurumi ta saurari ainihin maganar tsakanin ɓangarorin biyu ta yanke hukunci na ƙarshe. Kotun da ta ce ba huruminta ba ne kuwa ba ta taɓa batun korarsa daga aiki ba. Ko da ɓangarorin biyu sun amince ta ci gaba, yardarsu ba ta ba ta ikon da doka ta hana ta.

Abin da ya fi damuna shi ne halinsa bayan sallamar, domin sashe na 169 na Dokar Shaida ta 2011 yana hana mutum janyewa daga abin da ya nuna ya yarda da shi, kuma karɓar kuɗin sallama ba tare da rubutaccen ƙorafi ba na iya zama hujja a kansa. Ya hanzarta ganin lauya, a sanya Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda cikin waɗanda ake ƙara, tunda ita Tsarin Mulki ya ba ikon kora.