Amsa ga Auta kan gwajin DNA da taron masu binciken asali

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Auta, na saurari muryar da kika ajiye jiya da dare, sai yanzu na samu sukunin amsawa. Kin ce sakamakon gwajinki na DNA ya fito, kin ga da'irar nan mai launi-launi, kashi kaza daga wannan yanki, kashi kaza daga wancan, kina tambaya ko ki yi rajistar taron masu binciken asali, ko kuwa abin da kika gani ya wadatar. Ki yi rajistar, ƙanwata. Amma ki tsaya ki ji lacca wacce za ki shiga, don a nan ne sababbin shiga suke ɓata lokacinsu.

Taron da kike nufi shi ne RootsTech. Wata ƙungiyar binciken asali mai suna FamilySearch ce ke shirya shi a birnin Salt Lake da ke jihar Utah a Amurka, tun shekarar 2011, galibi ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris. A 2021, saboda korona, suka mayar da shi kan intanet kyauta, mutum sama da miliyan ɗaya suka shiga. Daga nan ba su rufe wannan ƙofar ba, kuma suna ajiye bidiyon laccoci da yawa, wanda ya wuce ki sai ki koma ki kalla. Ni ma ta haka na halarta, da littafi da biro a gefena.

To, da'irar nan da ta ɗauke miki hankali, ƙiyasi ce. Kamfanin yana kwatanta ƙwayoyin halittarki da na wasu rukunin mutane da ya tara, ya ce kin fi kama da waɗannan. Idan ya ƙara mutane cikin rukunin, sai lissafin ya sauya, ki wayi gari ki ga kashi 30 ya koma 18, alhali jininki yana nan yadda yake. Ba za ta ba ki sunan kaka ko ɗaya ba. Duk malamin kirki da na saurara a taron, cikin 'yan mintuna yake wuce wannan magana, ya tafi inda aikin yake, wato jerin mutanen da kuka haɗa DNA da su.

Ki fara da laccar da ke bambance gwaje-gwajen, don iri uku ne. Akwai na Y, wanda namiji kaɗai ke ɗauke da shi, daga uba zuwa ɗa, layi ɗaya tak. Ke ba za ki iya yin sa ba, sai dai Yaya ko Baffa su yi a madadinki. Akwai na maitokondiriya, wanda uwa ke ba duk 'ya'yanta, amma mata kaɗai ke miƙa shi gaba. Sai na ukun, wanda kika yi, mai duba kromosom, wato ƙunshin DNA, 22 cikin 23 da muke gada bibbiyu, rabi daga uwa rabi daga uba. Wannan yana leƙa kowane ɓangare na dangi, sai dai ba ya nisa. Bayan kakanni hawa biyar ko shida, abin ya dishe.

Ma'aunin da za ki ji suna ta maimaitawa shi ne santimogan, ana rubuta shi cM, wato ma'aunin yawan DNA da kika haɗa da wani. Ki riƙe shi da kyau. Tsakaninki da Mama, wajen 3,500. 'Yan uwa uwa ɗaya uba ɗaya, wajen 2,600. Ɗan kawu ko 'yar gwaggo, 850 da 'yan kai. Jikokin wa da ƙani, ɗari biyu da wani abu. Kin ga yadda yake zubewa da sauri? Idan aka kai tattaɓa-kunnen wa da ƙani, wajen ɗaya cikin goma ba za a ga sun haɗa komai ba, kuma dangi ne na haƙiƙa. Abin da ya fi tsaya min a rai kuwa shi ne lamba ɗaya tana iya nufin dangantaka iri-iri. Wanda kuka haɗa 1,700 da shi, yana iya zama kakanki, ko kawunki, ko ɗan uwan da kuka haɗa uba kawai. Shi ya sa wani mai suna Blaine Bettinger ya tattara lambobin dubban mutanen da suka san dangantakarsu, ya fitar da jadawali. Yana nan kyauta a shafin DNA Painter: ki zuba lambar, ya jero miki abin da take iya zama. Shekarun mutum da takardu da bakin manya su ne za su tantance sauran.

Bari in ba ki labarin laccar da ta buɗe min ido. Dabara ce ta wata mata, Dana Leeds, da ta fito da ita a 2018. Za ki ɗebo mutanen da kuka haɗa tsakanin 90 da 400 cM, ki jera su a takarda. Na farko ki ba shi launi, a ce shuɗi. Ki buɗe shafinsa ki ga su wa kuka haɗa ku biyun, duk ki shafa musu shuɗi. Sai ki sauko kan na gaba da bai samu launi ba, ki ba shi ja, ki sake yin haka. Na dakatar da bidiyon na zauna na yi nawa da fensiran launi na yara. Ina cikin yi sai na ga mutanen suna rabuwa da kansu, kashi-kashi, kowane launi yana bin ɗaya daga cikin kakannina huɗu. Wallahi sai da na ajiye fensirin na yi shiru na ɗan lokaci. Sunayen da ɗazu baƙi ne gare ni, yanzu na san wannan ta wajen mahaifiyar Baba yake.

Amma dabarar tana da iyaka, kuma sun faɗa a fili. Inda dangi suka daɗe suna aure a tsakaninsu, launukan cakuɗewa suke, lambobin su kumbura, mutum na nesa ya fito kamar na kusa, saboda kun haɗu ta hanya biyu ko uku. Akwai laccoci na musamman a kan haka, sukan kawo misali da Yahudawan Ashkenazi da mutanen tsibiran Polinesiya. Na biyu, gwaji ba ya nuna miki sai wanda shi ma ya yi gwaji. Mafi yawan waɗanda ke cikin rumbunan bayanan kamfanonin nan 'yan asalin Turai ne, don haka idan jerinki gajere ne, kada ki karaya. Kina iya sauke ainihin bayananki ki ɗora a wani rumbun, kamar GEDmatch, don ki faɗaɗa komarki.

Sai dai kafin ki ɗora, ki shiga laccar sirri tukuna, ina roƙonki. Ta GEDmatch ɗin nan 'yan sanda a Kalifoniya suka bi dangi na nesa har suka kama Joseph DeAngelo a 2018, kan kashe-kashen da aka yi shekaru arba'in baya. A 2023 kuma masu kutse suka kai ga bayanan mutum kusan miliyan bakwai a kamfanin gwajin DNA na 23andMe. DNA ɗinki ba naki ba ne ke kaɗai, akwai Mama a ciki, akwai mu. Kuma wani lokaci yakan tono abin da gida bai shirya ji ba. Duk wanda za ki gwada, ki zaunar da shi ki yi masa bayani, ya yarda da bakinsa.

Abu ɗaya da kowane malami ya nanata: a fara da tsofaffi. Ke rabin na Baba kika gada. Gwaggo kuwa tana ɗauke da guntayen iyayensu da ba su iso gare ki ba sam, kuma duk wanda kika haɗa ɗan kaɗan da shi ta wajen Baba, ita galibi za ta haɗa ninkinsa. Ni na san haka ne bayan Kaka ta rasu, Allah ya jiƙanta, kuma har yau abin yana damuna. Ga tsoho, ki nemi irin gwajin da ake goga auduga a cikin kumatu, kamar na FamilyTreeDNA ko MyHeritage, don tara yawu a kwalba yana ba su wahala. Kada Gwaggo ta ci ko ta sha komai na aƙalla minti 30 kafin a ɗauka. Ki kunna rikoda a wayarki, ki tambaye ta sunayen iyayenta da kakanninta da 'yan uwansu, har da laƙabi, da inda kowa ya yi aure.

Yanzu dai ki buɗe jerin naki, ki rubuto min lambobin cM na mutum goman farko, ba sai da sunayensu ba, kuma ki turo min ta gefe, ba cikin zauren nan ba. Idan jadawalin taron ya fito, zan yi miki alama a kan laccocin da za ki fara da su. Ki gaishe min da Gwaggo, ki ce mata muna tafe ranar Asabar in sha Allahu.