Me Talaka Ya Samu Daga Binciken Jami'a?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Kowace shekara muna jin an yaye masu digiri na biyu da na uku a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kowa da kundin bincikensa. Don Allah, Malam, wane amfani wannan bincike yake yi wa manomi da makiyayi da matar da take girki da itace? Daga wani malamin firamare, Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Amfanin yana nan, amma ya fi fitowa fili idan masana daga fannoni daban-daban suka taru a kan matsala guda, domin matsalar talaka ba ta zuwa a rarrabe kamar yadda aka rarraba tsangayoyin jami'a.

Ka tuna abin da ya faru da maƙwabtanmu na Zamfara a shekarar 2010, lokacin da yara suka riƙa suma suna mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, har aka rasa fiye da 400. Da farko an zaci sanƙarau ne ko zazzaɓin cizon sauro, aka ba da magani bai yi aiki ba. Sai da aka auna jinin yaran aka ga gubar dalma, sannan masana duwatsu da ƙasa suka nuna cewa dutsen zinariyar da ake haƙowa cike yake da ita. Ana kawo shi cikin gida, a daka shi a turmi ko a niƙa a inji, ƙurar ta sauka a tsakar gidan da jariri yake rarrafe yana kai hannu baki. Likita zai iya wanke jinin yaro, amma idan ya koma wannan tsakar gida aikin ya ɓaci, don haka injiniyoyin muhalli suka kankare ƙasar saman gidajen suka zuba sabuwa, aka kuma nemi sarakuna da malamai su shawo kan jama'a a fitar da niƙan bayan gari. Abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne agwagin yankin sun riga yaran fara mutuwa, kuma da labarin ya kai kunnen likitan dabbobi da wuri, mai yiwuwa da an farga kafin asarar ta kai haka. Kowane gwaji da aka yi a wannan aiki ya samo asali ne daga binciken da wasu suka shafe shekaru suna yi a jami'o'i da cibiyoyin bincike.

A fannin noma kuwa, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ta Jami'ar Ahmadu Bello, ta fitar da irin waken SAMPEA 20-T a 2019, wanda yake jure wa tsutsar da take huda kwanso, abin da ya rage wa manomi yawan feshi. Har yanzu ana muhawara a kan irin da aka sauya wa ƙwayar halitta, kamar wannan waken, kuma wannan muhawarar ma bincike take buƙata.

Nan gida, jami'ar da ka ambata, wadda aka kafa a 1975, tana da Cibiyar Binciken Makamashi tun 1982, inda aka ƙera murhu mai tsimin itace, da na'urar busar da amfanin gona da zafin rana, da hanyar samar da gas na girki daga kashin shanu. A nan ne nake ganin ƙorafinka yana da ƙarfi, domin gidaje nawa ne a Dundaye ko Kwalkwalawa, da suke maƙwabtaka da jami'ar, suke girki da wannan murhu? Injiniya ya gama nasa, amma sai an samu wanda zai zauna da mata ya ji ko murhun yana riƙe tukunyar tuwon gida mai mutum goma sha biyar ba tare da ta goce ba lokacin tuƙi, da masanin tattalin arziki da zai duba farashi, da maƙerin da zai ƙera shi da yawa ya kai kasuwa.

Saboda haka ina ganin ya kamata asusun TETFund, da yake ɗaukar nauyin bincike a manyan makarantu, ya riƙa sharɗanta a bayyana sakamakon da Hausa a rediyo da wurin taron ƙungiyoyin manoma. Ku ma malaman makaranta kuna iya rubuta wa Cibiyar Binciken Makamashin ku nemi izinin kai ɗalibanku ziyara su ga kayan da idonsu.