Hukuncin tara bayanan wayoyin jama'a baki ɗaya da sunan tsaro, da hukuncin mai gina na'urar

Tambaya:

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni injiniyan manhaja ne a wani kamfani mai zaman kansa. Kamfaninmu ya samu kwangila daga wata hukumar gwamnati, za mu gina rumbun da zai riƙa tara bayanan wayoyin jama'a gaba ɗaya: wa ya kira wa, da ƙarfe nawa, minti nawa suka yi, a ina kowannensu yake a lokacin. An ce don maganin ta'addanci ne, kuma ba za a saurari muryar kowa ba, na'ura ce kawai za ta riƙa tacewa. Zuciyata ta ƙi kwanciya. Da na yi wa abokan aikina maganar, sai suka ce ai mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as, wanda ba shi da laifi me zai ɓoye? Shin shari'a ta ba hukuma wannan dama? Kuma albashina a wannan aiki halal ne?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, rashin kwanciyar zuciyarka yana da tushe. Allah Maɗaukaki ya ce a Suratul Hujurat, aya ta 12: "Ya ku waɗanda suka yi imani, ku nisanci da yawa daga zato, lallai sashen zato zunubi ne, kuma kada ku yi tajassusi." Tajassusi shi ne bin diddigin abin da mutum ya ɓoye domin a tono shi. Ayar ba ta ware kowa ba, ba ta ce ban da mai mulki ba. Ka kuma lura da jerin da ta zo da shi: zato, sai leƙen asiri, sai giba. Haka abin yake tafiya, zato ke tura mutum ya leƙa, abin da ya gano kuma sai ya fito ta bakinsa.

Mutane da yawa sun ɗauka wannan hani na maƙwabci ne da maƙwabcinsa, hukuma kuwa tana da wani hukunci dabam. Nassi ya zo da akasin haka, domin hadisan da suka fi fitowa fili a wannan babi a kan shugabanni suka zo. Abu Dawud ya ruwaito daga Mu'awiya, Allah ya yarda da shi, cewa ya ji Manzon Allah (SAW) yana cewa: "Idan ka bi diddigin al'aurar mutane (wato asirinsu), za ka lalata su, ko ka kusa lalata su." A wani hadisin na Abu Dawud: "Lallai shugaba idan ya shiga neman abin zargi a cikin mutane, zai lalata su." Dubi kalmar da aka zaɓa, lalatawa. Jama'ar da ta san ana saurarenta kullum ba gyaruwa take yi ba. Tana koyon fuska biyu, ɗa ya ji tsoron magana a gaban ubansa, mai nasiha ya haɗiye nasiharsa. Jamus ta Gabas ta gwada wannan hanya har ƙarshenta. Hukumar leƙen asirinta, Stasi, ta kai ma'aikata kusan 91,000 a 1989, ban da 'yan rahoto na ɓoye da suka haura wannan adadi nesa ba kusa ba. Da aka buɗe takardunta bayan haɗewar ƙasar, akwai waɗanda suka tarar abokin zamansu na aure ne ke kai rahotonsu.

Sahabbai a haka suka fahimci ayar, suna riƙe da mulki. An kawo wa Abdullahi ɗan Mas'ud wani mutum aka ce ga wane gemunsa yana ɗigar giya, sai ya ce: "An hana mu tajassusi, amma idan wani abu ya bayyana gare mu za mu kama shi da shi." Abdurrazzaƙ ya ruwaito cewa Umar ɗan Khaɗɗabi yana sintiri da dare a Madina tare da Abdurrahman ɗan Auf, suka hango fitila a wani gida, suka ji hayaniyar masu shaye-shaye a bayan ƙofa. Umar ya tambayi ra'ayin abokinsa, shi kuma ya ce yana ganin su biyun sun aikata abin da Allah ya hana, wato tajassusi. Sai Umar ya juya ya bar su. Umar fa, wanda babu mai tuhumarsa da sassauci ga ɓarna. Shi ne kuma ya ce, kamar yadda Bukhari ya kawo, wahayi ya yanke, yanzu da abin da ya bayyana na ayyukanku za mu kama ku.

To sai maganar abokan aikinka. Karin maganar da suka kawo ta gina ne a kan cewa duk abin da aka rufe laifi ne, wannan kuwa kuskure ne da su kansu ba sa aiki da shi. Kowannensu yana rufe ƙofar ɗakinsa, kowannensu yana roƙon Allah rufin asiri. Mutum yana ɓoye rashin lafiyarsa, da bashin da ake binsa, da saɓaninsa da iyalinsa, da sadakar da ya bayar a asirce, da zunubin da ya tuba daga gare shi tun tuni. A Suratun Nur, aya ta 27, an hana shiga gidan wani sai da izini, ba a ce sai gidan mai laifi ko na salihi ba. Wani mutum ya leƙa ɗakin Annabi (SAW) ta wata kafa, Annabi ya tsawatar masa tsawa mai tsanani, ya ce: "An sanya neman izini ne saboda gani." Akwai ɗakin da ya fi wannan tsarki a bayan ƙasa? Babu abin kunya a cikinsa, amma leƙen bai halatta ba. Ke nan hurumin na mai ɗakin ne, ko mene ne a ciki.

Sun ce kuma ba murya za a saurara ba. Kai da kake cikin sana'ar ka fi ni sanin abin da waɗannan bayanai ke faɗa. Idan rumbu ya nuna wata lamba ta kira likitan wata cuta sau uku a mako guda, sannan ta kira lauya, sannan wayar ta daina kwana a gidan da ta saba kwana, me ya rage ba a sani ba? Tsohon shugaban hukumomin leƙen asirin Amurka na NSA da CIA, Janar Michael Hayden, ya faɗa a bainar jama'a a 2014 cewa suna kashe mutane bisa irin waɗannan bayanai. Ƙa'idar fiƙihu ita ce ana duba manufa da ma'ana, ba a tsayawa ga suna. Haka batun na'ura: wanda ya kafa tarko shi ake tambaya, ba tarkon ba, kuma abin da na'ura ta tace a gaban mutum zai ƙare. A 2013 babban mai binciken NSA ya tabbatar da lokuta 12 da ma'aikata suka yi amfani da kayan hukumar ba bisa ƙa'ida ba, akasari don leƙen matansu, mazajensu ko masoyansu. Waɗanda aka gano ke nan.

Duk da haka ba zan ce maka hukuma ba ta da hakkin bincike ba, domin wannan ma ƙarya ce ga shari'a. Kare rayuka yana cikin manyan manufofin addini. Annabi (SAW) ya aika Huzaifa ɗan Yaman cikin dare ya shiga sansanin maƙiya a yaƙin Khandaƙ. Leƙen asirin rundunar da ta zo yaƙi babu saɓani a kan halaccinsa. A cikin gida ma akwai ƙissar Haɗib ɗan Abi Balta'a a shekara ta 8 bayan hijira, da ya rubuta wa Ƙuraishawa wasiƙa yana sanar da su shirin tafiya Makka. Annabi (SAW) ya aika Aliyu da Zubair da Miƙdad, ya ce su je wani wuri mai suna Raudatu Khakh, za su tarar da wata mata a kan raƙumi da wasiƙa, su karɓo. Suka matsa mata har ta ciro ta daga kitsonta.

Wannan ƙissa da ake kafa hujja da ita don buɗe ƙofar leƙen asiri, ita ce ta nuna faɗin ƙofar. Mutum ɗaya aka nufa, a wuri ɗaya, ana neman abu ɗaya, bisa sani tabbatacce, a kan lamarin da ya shafi rayukan runduna guda. Bayan an kama wasiƙar, an kira Haɗib an ji ta bakinsa kafin a ce komai. Ba a ruwaito cewa daga ranar an sa a riƙa buɗe duk wasiƙar da za ta fita Madina ba, alhali garin cike yake da munafukai masu kai wa maƙiya labari. Sunayen munafukan ma da Annabi (SAW) ya sani, Huzaifa kaɗai ya gaya wa, har Umar sai da ya je yana tambayarsa ko yana cikinsu. A kan wannan ma'auni Mawardi, wanda ya rasu a 450 bayan hijira, ya yi bayani a cikin Al-Ahkamus Sulɗaniyya: mai hisba ba shi da ikon binciken abin da bai bayyana ba, sai idan alamu sun yi ƙarfi kuma ɓarnar irin wadda in ta auku ba ta gyaruwa ce, kamar amintaccen mutum ya ba shi labarin wani ya keɓe da wani zai kashe shi.

Rumbun da ka siffanta ya juya wannan tsari. Shari'a ta ce asali kowa kuɓutacce ne, a samu dalili sannan a bincika. Shi kuwa rumbun cewa yake a tara na kowa tukuna, daga baya a nemi dalili. Za a ce rigakafi ya fi magani. Gaskiya ne, amma lalura ana auna ta da gwargwadonta, kuma wanda ya yi da'awar lalura shi zai tabbatar da ita. An riga an gwada irin wannan shiri. Bayan Edward Snowden, wanda ya yi wa NSA aiki, ya fallasa a 2013 cewa NSA tana tara bayanan kiran wayar Amurkawa baki ɗaya, kwamitin gwamnatin ƙasar mai sa ido kan 'yancin jama'a ya bincika, ya fitar da rahoto a farkon 2014 cewa bai samu ko da misali ɗaya ba inda shirin ya kawo wani canji na zahiri a sakamakon binciken ta'addanci. A 2015 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce doka ba ta ba da izinin shirin ba. Cutarwa tabbatacciya a kan miliyoyin mutane ba a sayen ta da amfanin da ake zato.

Akwai kuma abin da masu kyakkyawar niyya ke mantawa: rumbu ya fi wanda ya gina shi tsawon rai. Holan tana da rajistar jama'a mai tsari ƙwarai, har da addinin kowa, an yi ta ne don gudanar da mulki. Da Jamus ta mamaye ƙasar a 1940, rajistar ta faɗa hannun 'yan Nazi, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na Yahudawan ƙasar aka hallaka. Kai ka san wanda ya ba da kwangila yau, ba ka san wanda zai gaji makullin ba.

Kada a haɗa wannan da ƙidayar jama'a, ko rajistar da mutum ya bayar da saninsa don wata maslaha sananniya, ko bayanan da kamfanin waya ke ajiyewa don lissafin kuɗin kira. Umar da kansa ya kafa diwani ya rubuta sunayen mutane don rabon dukiyar baitulmali. Waɗannan sun halatta, kuma amana ce a hannun mai riƙe da su, ba ya halatta a karkatar da su zuwa abin da ba don shi aka bayar ba.

Saboda haka, tara bayanan sadarwar jama'a baki ɗaya ba tare da tuhuma a kan mutum ayyananne ba tajassusi ne haramtacce, ko hukuma ce ta yi. Abin da ya halatta shi ne bibiyar wanda alamu masu ƙarfi suka nuna yana shirin ɓarna babba, da izinin alƙali wanda ba a ƙarƙashin masu binciken yake ba, na lokaci ƙayyadadde, a tsaya kan abin da ake nema, abin da aka ci karo da shi na sirrin da bai shafi binciken ba a rufe shi a goge. Sukar shugaba ko saɓa masa a ra'ayi ba ya cikin ɓarnar da ke halatta wannan.

Game da kai kuwa, Allah ya ce a Suratul Ma'ida, aya ta 2, kada ku taimaki juna a kan zunubi da ƙetare iyaka. An gaya wa Huzaifa cewa wani mutum yana kai maganganun mutane wurin shugaba, sai ya ce ya ji Annabi (SAW) yana cewa annamimi ba zai shiga Aljanna ba. A ruwayar Bukhari shugaban da ake kai wa maganar Usman ne, halifa shiryayye, amma adalcin mai karɓa bai wanke mai kaiwa ba. Ban ce kai annamimi ne ba, sai dai na'urar da za ka gina aikinsa za ta yi, dare da rana.

Ka fara da neman sanin haƙiƙanin tsarin a rubuce. Idan ya tabbata ba a buɗe bayanan kowa sai da umarnin kotu a kan mutum ayyananne, kuma ba a kwashe na sauran jama'a zuwa hannun hukumar, aikinka halal ne, albashinka ma haka. Idan kuwa yadda ka faɗa ne, ka gaya wa shugabanninka damuwarka, ka nemi a mayar da kai wani sashen. Albashin da kake karɓa a kan sauran ayyukan kamfanin na halal ba abin da ya taɓa shi, wanda ka karɓa a baya kafin ka san hukuncin ma babu laifi a kanka. Idan kana da matsayin da za a ji maganarka har a taƙaita abin da ake tarawa, a sa wa'adin gogewa, a riƙa rubuta sunan duk wanda ya buɗe bayanan wani, to zamanka da wannan niyya yana da fuska, matuƙar da gaske kana rage sharrin, ba lallashin zuciyarka kake yi ba. Idan duk ƙofofin nan sun rufe, ka nemi wani aikin, kuma ya halatta ka zauna gwargwadon lalurar ciyar da iyalinka kana nema da gaske. Ban halatta maka ɓata aikin a ɓoye ko kwashe bayanan kamfani ba, domin akwai alƙawari tsakaninku. In za ka kai ƙara, ka bi hanyoyin da dokar ƙasarka ta tanada, bayan ka shawarci lauya.

Allah ya ba ka mafita ya musanya maka da mafi alheri. Wallahu a'alam.