Zaki a jikin gwangwani, zaƙi a ciki: amsar tambayoyinku kan kayan ƙwalam na da

Jama'a sallama. Tambayoyin wannan makon kusan duk na masu kwaɗayi ne, ban san ko haɗa baki kuka yi ba, amma ba komai, nima ba baya ba ne a wannan fannin, haƙorana biyu na ƙasa shaida ne.

Ta farko daga wata Hajiya ce a Kaduna. Ta ce tana ƙarama mahaifinta ma'aikacin reluwe ne, in an yi albashi yakan shigo da wani gwangwani kore mai ruwan zinare da hoton zaki a kwance, ana ce wa abin da ke ciki golden syrup, su kuma a gida zumar Bature suke ce masa. Ta ce har yau in ta rufe ido tana ganin yadda mamansu ke sa gindin cokali ta ɓalle murfin, ta ɗebo, abin ya riƙa zuba zara-zara kamar zare yana naɗewa a kan burodi, su kuma sun zagaye ta kowa na jiran a ba shi cokalin ya lashe. Tambayarta: Malam, zuma ce ko ba zuma ba, kuma meye sunansa na gaskiya da Hausa?

To Hajiya, Allah ya jiƙan Baba. Ba zuma ba ce, ƙudan zuma bai taɓa sanin da zamansa ba. Daga sukari ake yinsa. In ana tace ɗanyen sukarin rake akwai wani ruwa mai kauri da ke saura, shi wani ɗan kasuwa mutumin Sikotlan mai suna Abram Lyle ya ga bai kamata ya tafi a banza ba, aka gyara shi a matatarsa da ke Plaistow a gabashin Landan, aka fara zuba shi a gwangwani a 1885. Dalilin da ya sa ba ya daskarewa ya koma ƙanƙarar sukari shi ne an fasa wani kaso na sukarin gida biyu, gulukos da furuktos, to irin waɗannan biyun su ne dama suka fi yawa a zuma, shi ya sa harshenku ya ruɗe, ba laifinku ba ne.

Amma ni abin da ya fi burge ni a matsayina na mai bin kalmomi shi ne hoton nan. Hajiya ki sake duba shi da kyau in kin samu gwangwanin, zakin nan ba barci yake ba, mushe ne, kuma ɗige-ɗigen da ke kansa ƙudan zuma ne. An ɗauko shi ne daga labarin Samson na cikin Baibul, wanda ya kashe zaki, da ya dawo daga baya ya tarar zuma ta yi saƙa a cikin gawar, sai ya mai da abin kacici-kacici, cewa daga mai ƙarfi zaƙi ya fito. Wannan maganar ce aka rubuta a ƙarƙashin hoton. Yanzu ku dubi ikon Allah, Bature ya zana abinsa bai san Hausa ba, amma a bakinmu ne maganar ta fi zama daram: daga zaki zaƙi ya fito. Lanƙwasa ɗaya tak a kan harafin k ita ta raba mai cinye mutum da abin da mutum ke lasa. Ku masu rubuta min "shayin ya yi zaki" a waya, to ku sani dabba kuka jefa a kofi. Wannan zanen kusan bai canza ba tun wancan lokacin, har kundin Guinness ya ba shi shaidar tambarin kaya mafi daɗewa a 2006, sai a 2024 ne kamfanin ya sa sabon kan zaki mai rai a robobinsa, jama'a a Ingila suka yi ta ƙorafi, gwangwanin dai an bar shi da mushensa.

Sunansa da Hausa fa? Ni dai in za a bi ta tawa, maɗin sukari zan ce. Muna da kalmar maɗi tun kafin a san Bature, ruwan zaƙi ne da ake samu daga ɗinya ko rake, a dafa shi har ya yi duhu ya yi kauri, da shi ake alewar ɗinya, kuma shi ne ma'aunin zaƙi a wurin tsofaffi, ka ji an ce abu zaƙi kamar maɗi. Yaran yanzu da yawa ba su taɓa jin kalmar ba, sun san sirof na maganin tari amma ba su san maɗi ba, abin haushi. Shi kansa sirof ɗin ba asalin Turanci ba ne, daga Larabci ya fito, sharab, abin sha, ya bi ta Latin ya shiga harsunan Turai sannan ya zagayo ya same mu a kemis. Zumar Bature da kuke faɗa a gida kuwa ban ce ki daina ba, sunan gida ne, yana da daɗinsa, kawai kar a sayar wa mutum da shi a matsayin zuma a ce ya sha don magani.

Wani ɗalibi daga Maraɗi ya ce shi da abokinsa sun yi musu, alewa ake cewa ko alawa, kuma wai abokin ya rantse kalmar Hausa ce tsantsa.

Ɗana, duk biyun ana faɗa, bambancin karin harshe ne kawai, kar ku ɓata zumunci a kan wasali ɗaya. Amma abokinka ya yi kaffara, aro ce, daga halawa ta Larabci, tushenta ɗaya da halwa da ake ci daga Turkiyya har Indiya. Haka sukari, daga sukkar na Larabci, su ma Larabawan a wurin Farisa suka karɓa, Farisa kuma daga Indiya inda aka fara dafa rake ya zama ƙwaya. Daga baya Turawa suka zo muka sake aron kalmar karo na biyu ta wata ƙofar, shi ne kake jin suga ko siga. Kalma ɗaya ta shigo gidanmu sau biyu, sau ɗaya a kan raƙumi sau ɗaya a jirgin ruwa. Alkaki ma da ake kai wa gara ɗan Larabci ne, ka'ak, har da al ɗinsa muka haɗiye gaba ɗaya.

Inda Bahaushe ya nuna gwanintarsa shi ne sunayen da ya raɗa da kansa, nan kam ba aro, ido ne kawai da barkwanci. Carbin malam, saboda ana ɗura shi a dogon leda a ƙuƙƙulle shi ƙulli-ƙulli kamar 'ya'yan carbi, kana ja kana cirewa da haƙori. Hanjin ligidi, dubi yadda ake jan dafaffen sukarin ya yi tsawo yana lanƙwashewa ka san daga ina hanjin ya fito. Tuwon madara ba a cinsa da miya, amma tuƙa shi ake a tukunya har ya kama jikinsa kamar tuwo. Kantun riɗi kuwa daga kantu ne, curin gishirin nan da ayarin raƙuma ke kawowa daga Bilma, duk abin da aka cure ya daskare sai ya gaji sunan. Ga gullisuwa ga iloka ga ɗan tamatsitsi ga mazarƙwaila, ita wannan 'yar'uwar maɗi ce uwa ɗaya uba ɗaya, ruwan rake ne aka dafa ya wuce matakin maɗi aka zuba a 'yan kwanoni ya daskare, mutanen Maƙarfi su ne sarakan abin.

Ni a zamaninmu sisi ake ba ni in za ni makarantar allo, kuma akwai wata tsohuwa a bakin zaure da faifanta na alewar ɗinya, baƙa ƙirin, tana da wata 'yar wuƙa da ta lanƙwashe don tsufa, sai ta ɗora ta a kan alewar ta buga da tafin hannu, abin ya tsage, ta ba ka naka ta haɗa maka da ɓarɓashin a matsayin gyara. Wallahi ɓarɓashin nan ya fi min ainihin alewar daɗi. In ka sa a aljihu ka manta rana ta buga shi, to ranar kai da wankin riga da tururuwa.

Wata kuma ta tambayi bambancin zaƙi da garɗi. A gajarce, sukari da zuma da rake zaƙi gare su, gyaɗa da aya da madara da riɗi garɗi gare su, shi ya sa kantun riɗi ya fi minti, shi ya haɗa biyun, minti kuwa zaƙi ne zalla da sanyi. Daɗi shi ne babban lema da ya rufe su duka.

Ta ƙarshe daga wani bawan Allah ne a Kumasi, ya ce duk lokacin da ya fara ba 'ya'yansa labarin alewar da, sai matarsa ta ce masa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, shi kuma abin na ƙona masa rai tunda cakulan ɗin da yake saya wa yaran ma ya fi ƙarfin abin da ya ci yana yaro. Malam, wai karin maganar ta hau kansa?

Yallaɓai, ka gaida uwargida, amma a wannan karon ta ɗan yi maka rashin adalci. Wannan karin maganar ana yinta ne ga mai kuka da halin da yake ciki, manomin da damina ta yi masa gardama yana tuna rumbun bara, ko wanda kasuwa ta juya wa baya. Kai kuwa ba kuka kake ba, marmari kake, kuma marmari daban yunwa daban, mutum na iya ƙoshi da naman kaji ransa ya biya ɗanwake. Wadda ta fi dacewa da kai ita ce laifin daɗi ƙarewa. Sai dai kar ka ɗauka na wanke ka tas, don in aka kawo maka alewar nan yau ka sa a baki, da wuya ka ji abin da ka ji a da, na gwada da kaina bara a kasuwar Kurmi, na sayi ta ɗinya na ɓoye a mota kar jikoki su gani, na gatsa sau biyu haƙori ya amsa, sauran na miƙa wa almajiri.

Wanda ya turo tambaya kan zuma da zaƙi da harbi, da wadda ta tambayi ma'anar an lasa masa zuma a baki, ku yi haƙuri sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Hajiya ta Kaduna kuma, in kin samu gwangwanin nan ki gwada tsoma alkaki a ciki maimakon dafaffen sukari, ki ɗan ɗumama shi tukuna ki matsa lemon tsami kaɗan.